Ku Tambaya Mu Amsa: Kamfanin Fuller, Mai Buroshin da Ya Bi Amurka Gida-Gida

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan batu guda, wato tallan kayan amfanin gida ƙofa-ƙofa. Mun ɗauki kamfanin Fuller Brush na Amurka muka amsa su da shi, domin a wannan sana'a shi ne sunansa ya fi fita, kuma tashinsa da faɗuwarsa duk a fili suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai shagon kayan roba ne a Kano. Na ji an ce an yi wani kamfani a Amurka da ya tara dukiya da sayar da buroshi alhali ba ya kai kayansa shago. Ya aka yi haka ta yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji gaskiya ne. Wanda ya kafa shi, Alfred Fuller, ɗan manoma ne daga Welsford a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada. An haife shi a 1885, shi ne na 11 cikin 'ya'ya 12. Yana ɗan shekara 18 ya tafi ci-rani birnin Boston a 1903, ya kama aiki har sau uku ana sallamarsa, ciki har da aikin kwandastan jirgin lantarki na cikin gari. A 1905 ya shiga yi wa wani ƙaramin kamfanin buroshi da mopa talla a garin Somerville, kusa da Boston, kuma a nan ne hannunsa ya faɗa.

Abin da ya lura da shi a bakin ƙofofi shi ne, matan gida suna neman abin da babu shi a jakarsa. Wannan tana son abin da zai shiga wuyan kwalbar madara ya kai gindinta, waccan tana son wanda zai ratsa bayan bututun ɗumama ɗaki inda ƙura take taruwa. Masu kamfanin ba su damu da waɗannan koke-koke ba. A farkon 1906 sai ya kwashi dala 375 da ya tara, ya sayi injin murɗa waya na hannu da waya da gashi, ya kafa teburin aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan 'yar'uwarsa. Da dare ya ƙera, da rana ya fita talla. A cikin shekarar ya koma Hartford ta jihar Connecticut, yana kiran sana'ar Capitol Brush Company, sai a 1913 aka yi mata rajista da sunan Fuller Brush Company.

Bunƙasar ta faro ne daga 1909, lokacin da ya sa 'yar ƙaramar sanarwa a mujallar Everybody's yana neman 'yan talla. Ba a jima ba ya samu wakilai kimanin 260 a sassan ƙasar. A 1919 cinikin shekara ya kai dala miliyan ɗaya, a 1960 kuma ya haura miliyan 100.

Dalilin ƙin shago kuwa, kai da kanka ka san shi. Buroshi mai tsada idan aka jera shi kusa da mai araha, ido ba ya raba su, mai saye kuma farashi zai duba. Amma idan aka goge wa mace kusurwar tagarta da shi a gabanta, ta ga dattin da ya fito, gani ya kori ji.

Tambaya: Ina sana'ar hannu a Zariya, ina haɗa tsintsiyar roba da magogi. Wane irin buroshi ne mutum ɗaya zai iya ƙera shi da dare a ɗaki? Ku yi mini bayanin yadda ake yi.

Amsa: Malam, irin wanda ake wanke kwalba da shi ne, mai gashi kewaye da murɗaɗɗiyar waya. Ba ya buƙatar katako mai huji ko gam, shi ya sa mai ƙaramin jari yake iya farawa da shi.

Kayan aikin ba su da yawa: waya, gashi, ƙugiya mai juyawa da ake murza ta da hannu, mamatsin ƙarfe da zai riƙe ɗaya ƙarshen, almakashi mai ƙarfi, filaya, da mariƙin katako. Za ka yanko waya ka ninka ta biyu, ka rataya wurin ninkin a ƙugiya, ka matse bakunan biyu a mamatsi, ta miƙe tsam. Sai ka shimfiɗa gashin da ka riga ka yanka tsawo ɗaya a gicciye tsakanin wayoyin biyu, rabi ya leƙo ta nan rabi ta can. Tsawon gashin shi ne kaurin buroshin: gashi mai santimita 5 zai ba ka buroshi mai faɗin kusan santimita 5, ya ɗan ragu bayan aski. Da ka fara juya ƙugiya, wayoyin za su naɗe juna, su cije gashin, shi kuma ya baje yana zagaye kamar jelar kurege. Daga nan sai aski don ya daidaita, sai lanƙwasa shi zuwa siffar da ake so, sai a cusa gindin wayar cikin mariƙi.

Inda aikin yake ɓaci, yawanci a murɗi ne. Idan murɗin bai kai ba, gashi zai riƙa zubewa tun wankin farko. Idan ya wuce kima, wayar za ta yi ƙulli ko ta tsinke, sau da yawa dab da ƙugiya. Ka sani kuma waya tana gajarcewa yayin da ake murɗa ta, don haka dole ɗaya ɓangaren ya zama mai matsowa a hankali amma ba a sake shi gaba ɗaya ba. Idan ka kafe ɓangarorin biyu, wayar za ta tsinke. Idan ka saki ɗaya, za ta cukurkuɗe. Saboda wannan gajarcewar, ka riƙa yanka waya da rara, ka gwada ɗaya ka auna kafin ka yanka saura.

Shimfiɗar gashi ma tana da nata sharaɗi. Inda ya taru da yawa waya ba za ta iya cije shi ba, inda ya yi ƙaranci kuma buroshi zai fito da sanƙo. Gwani da yatsa yake baje shi sahu ɗaya. Sai bakin waya: in ba a lanƙwasa shi ko an sa masa hula ba, shi ne zai karce kwalba ko tukunya. Wayar da ba a shafe ta da maganin tsatsa ba kuwa, wata kaɗan a wurin wanke-wanke za ta yi ja ta ɓata kaya, saboda haka a nemi farar waya mai rufin zinki ko wadda ba ta tsatsa.

Game da gashi, a zamanin Fuller ana amfani da gashin doki don shara mai laushi, da zaren wani tsiro na ƙasar Meksiko da ake kira tampiko don gurza, domin yana jure ruwan zafi da sabulu mai kaifi. Buroshin taje kai da na fenti kuwa gashin alade ake sa musu, mafi yawa daga ƙasar Sin, saboda bakinsa a tsage yake, yana riƙe ƙura da fenti. Wannan abin lura ne ga Musulmi mai sayen buroshin da aka rubuta masa cewa gashin dabba ne, ya kamata ya tambaya. Zaren nailan bai shigo harkar buroshi ba sai 1938, da kamfanin DuPont ya fito da shi a buroshin goge baki. Yana da araha, ba ya ruɓewa, amma yana laushi ya karkace a tafasasshen ruwa.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubuto muku. Su waɗannan 'yan tallan, albashi ake biyansu? Kuma ta yaya baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofa a saurare shi?

Amsa: Ba albashi, Malam. Ɗan tallan Fuller ba ma'aikacin kamfani ba ne, mai cin gashin kansa ne. Shi zai biya kuɗin jakar samfur, ya sari kaya a farashin sari, ya sayar a farashin da aka buga a takardar kamfani, abin da ke tsakani shi ne nasa. Kamfani yana yanka masa unguwannin da ba a yarda wani ɗan Fuller ya shiga ba, ana kuma so ya riƙa zagayo kowane gida lokaci-lokaci, yadda za a san fuskarsa. Ba ya yawo da kayan sayarwa, samfur kawai yake ɗauka. Yau zai rubuta oda, bayan 'yan kwanaki ya kawo kaya ya karɓi kuɗi.

Batun buɗe ƙofa, kamfanin ya yi masa dabara a 1915, wato wani ɗan ƙaramin buroshin wanke kayan lambu mai suna Handy Brush, wanda ake bayarwa kyauta. Ba irin gyara ba ne da mai awo yake ƙara miki bayan ciniki ya faɗa. Ya fi kama da ɗanɗano, ana miƙa shi tun kafin a ambaci ciniki, a saya ko kar a saya. Wadda aka ba kyauta takan ji nauyin rufe ƙofa nan take, ɗan buroshin kuma yana nan a madafa yana tuna mata da sunan kamfani kullum.

Sauran koyarwar duk ladabi ne da aka mayar da shi tsari. Da ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya taku ɗaya don kada mai buɗewa ta tsorata. Ranar ruwa ko ƙanƙara, takalmin robar da kake ɗorawa a kan naka ya ɗan fi ƙafarka girma, yadda za ka zame shi nan take in an ce ka shigo. Ka sa buroshin a hannun matar gida ta gwada da kanta. In an ce a'a, ka yi godiya ka wuce, domin za ka dawo wannan ƙofar. Sannan akwai garanti: taken Fuller shi ne kaya ya yi aiki, ya daɗe, a kuma tsaya masa ko me ya faru. A 1922 mujallar Saturday Evening Post ta yaɗa laƙabin Fuller Brush Man, ya zama sunan da kowane yaro ya sani. Ko shahararren mai wa'azin Kirista Billy Graham ya yi wannan talla a 1936 yana saurayi.

Sai dai kada a ruɗu da wannan suna. Ga lissafi na misali, mu muka tsara shi don a gane. A ce ka ƙwanƙwasa ƙofa 60 a yini, 30 suka buɗe, 15 suka tsaya sauraro, 5 suka yi oda. Idan kowace oda ta dala 10 ce kuma sarinta dala 6, ribarka dala 20. A ciki za ka cire kuɗin kyautar da ka raba wa mutum 30, da kuɗin mota, da cin takalmi. Ranar kai kaya kuma ɗaya daga cikin biyar ɗin ta ce maigida bai yarda ba, kayan ya zauna a hannunka da kuɗinka a ciki. Kamfani ya riga ya karɓi nasa tun a sari. Wannan ne ya sa sababbin 'yan talla da yawa suke ajiye jaka tun ba a je ko'ina ba, kamfanin kuma kullum yana cikin neman wasu. A ganinmu wannan ne babban aibin tsarin, domin hasara tana sauka ne a kan wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi.

Tambaya: Mutanen gari ba su gaji da ƙwanƙwasa ba? Babu dokar da ta hana?

Amsa: Sun gaji, har suka kai ga doka. A 1931 ƙaramin garin Green River na jihar Wyoming ya haramta wa ɗan talla zuwa gidan mutum in ba an gayyace shi ba. Garin na ma'aikatan jirgin ƙasa ne, da yawansu aikin dare suke yi su yi barci da rana, ga kuma matsin tattalin arzikin da ya faro a 1929 ya cika tituna da masu neman abin kai wa baka ta hanyar talla. Kamfanin Fuller ya kai ƙara, amma a 1933 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba garin gaskiya. Garuruwa da dama suka kwafi dokar, har yau kuma da sunan Green River ake kiran irinta. A 1951 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da makamanciyarta a shari'ar wani mai tallan mujallu da birnin Alexandria na jihar Luwiziyana.

'Yan talla sun nemi hanyar kewayewa: a fara ajiye kati ko takardar kaya, in matar gida ta ce a dawo, to an samu gayyata ke nan. Daga baya, a 1972, hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta tsara wata ƙa'ida: wanda ya sayi kayan dala 25 ko fiye a ƙofar gidansa yana da kwana uku na aiki da zai iya fasa cinikin a mayar masa da kuɗinsa. Hikimar ita ce mutum yakan amsa ciniki don kunyar wanda yake tsaye a gabansa, ba don yana so ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Kaduna. Kayan mata ake sayarwa, masu saye mata, to ina matan suke a cikin masu tallan?

Amsa: 'Yar'uwa, kin taɓo inda Fuller ya makara. Sai a 1948 ya ɗauki mata, ana kiransu Fullerettes, suna tallan kayan kwalliya, alhali kamfanin kayan kwalliyar da ya zama Avon tun 1886 yake aiki da mata. Wanda ya fi gane bakin zaren tsohon shugaban sashen tallan Fuller ne, Frank Stanley Beveridge, shi ma ɗan Nova Scotia. A 1931 shi da Catherine O'Brien suka kafa Stanley Home Products a Westfield ta jihar Massachusetts. Wajen ƙarshen shekarun 1930 suka koma tsarin taro: mace ɗaya ta gayyaci ƙawayenta gidanta, mai talla ya nuna kaya sau ɗaya ga mutum goma, uwar taro ta samu tukuici. Wannan ya rage tafiya, ya kuma kauce wa dokar Green River tunda da gayyata aka zo. A Stanley ne Brownie Wise ta koyi aiki kafin ta ɗora robobin Tupperware a kan wannan tsari a 1951, haka ma Mary Kay Ash da ta kafa nata kamfanin a 1963.

Tambaya: To me ya kashe kasuwar? Kamfanin yana nan kuwa?

Amsa: Babban abin da ya karya ta shi ne gidajen sun zama wayam da rana. A 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na matan Amurka ne suke aikin neman kuɗi, zuwa 1999 sun kai kashi 60 cikin 100. Ka koma kan lissafinmu na baya: in ƙofofin da suke buɗewa suka ragu daga 30 zuwa 15, ribar yini ta rabu biyu, tafiyar kuwa tana nan yadda take. Mota ta wadata, manyan kantunan rangwame suka bayyana, a 1962 kaɗai aka buɗe shagunan farko na Walmart da Kmart da Target. Buroshin roba ya yi arahar da in ya lalace sai a yar a sayi wani. Ingancin kayan Fuller ma ya zame masa cikas ta wani ɓangare, domin wadda ta sayi buroshin da zai shekara goma ba ta da dalilin sayen wani baɗi. Shi ya sa kamfanin ya ƙara da kayan da suke ƙarewa, irin su sabulun ruwa da man goge daɓe da kayan shafa.

A cikin gida kuma, babban ɗan Alfred Fuller, Howard, wanda ya karɓi shugabanci a 1943, ya rasu a hatsarin mota a 1959, ƙaninsa Avard ya gaje shi. A 1968 iyalan suka sayar wa kamfanin Consolidated Foods, wanda daga baya ya koma Sara Lee. A 1973 aka mayar da masana'anta Great Bend ta jihar Kansas, a shekarar kuma Alfred Fuller ya mutu a Hartford. Kamfanin ya yi ta sauya hannu, wani kamfani mai suna CPAC ya saye shi a 1994, a 2012 kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Sunan bai mutu ba, ana sayar da kayan ta intanet da wasu shaguna. Takwarorinsa na Ingila, Kleeneze da Betterware, su ma sun durƙushe a 2018.

Tambaya: Ni dillaliya ce a Katsina, ina shiga gidaje da kwanuka da zannuwan gado da kayan kicin. Akwai abin da zan ɗauka a wannan labari?

Amsa: Hajiya, abin da Fuller ya yi shekaru yana nema da kyautar buroshi, ke kina da shi a hannu: da sallama kike shiga har tsakar gida, inda namiji baƙo iyakarsa zaure. Matan kuma suna gida da rana a yawancin unguwanninki, ga taron suna da biki da adashi da suke haɗa miki su wuri ɗaya. Abin da za ki ara shi ne tsarin aiki.

Ki ware samfur ɗaya na kowane kaya, ki daina jidar kaya duka. Ki karɓi oda tare da kafin alƙalami, ko da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ne, kafin ki je sari, domin odar da ba a ajiye mata komai ba ita ce ake fasawa. Ki raba unguwanninki bisa ranaku, kowane gida ya san ranar zuwanki, ki kuma sa ranar kai kaya kusa da lokacin da kuɗi yake shiga hannu, kamar ƙarshen wata ko ranar kwasar adashi. Ki riƙe littafi mai shafi guda ga kowane gida: abin da aka saya, ranar, abin da aka biya, saura, da abin da aka tambaya ba ki da shi. Wannan layi na ƙarshe kada ki raina shi. In gida uku suka tambayi abu ɗaya, ki saka shi a sarinki na gaba.

Bashi kuwa ki yanka masa iyaka tun farko: kada wanda ke waje ya wuce abin da in ya maƙale za ki iya sake sari ba tare da shi ba, kuma kada ki ɗora sabon kaya a gidan da bai biya rabin na baya ba. Ki haɗa kaya masu daɗewa da masu ƙarewa, kula da tukunya a gefe, sabulu da soson ƙarfe da turaren ɗaki a gefe, don kowane zuwa ya zama da abin saye. In kula ta ƙi riƙe zafi ko murfi ya ƙi zama, ki karɓa ki canza, amma ki fara ƙulla wannan sharaɗi da mai shagon da kike sari a wurinsa, ku yanka kwanakin da zai karɓi kayan da aka dawo da su, a kuma rubuta shi a bayan rasit.